Asusun Tata: Tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata da Abin da Ya Bar wa 'Ya'ya da Jikoki

Muna yi wa Allah godiya da Ya nuna mana zagayowar ranar da aka kafa ƙungiyarmu muna raye, kanmu a haɗe. Waɗanda muka faro tafiyar nan tare da su suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, Ya raya abin da suka bari. Da kwamitin mujalla suka ce duk mai abin da za a ƙaru da shi ta kawo, sai na zaɓi tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu tun 1955.

Na san wata za ta ce, ai mujallar mata ce, me ya kawo tarihin namiji, namijin ma attajirin da ba a haɗa shi da masu ƙaramin jari irinmu? To, ku yi haƙuri ku bi ni. Sunan nan Ɗantata da muke ji a jikin kamfanoni da manyan gine-gine, sunan mace ne a cikinsa. Tata wata tsohuwa ce da ta rene shi bayan ya zama maraya. Ita da mahaifiyarsa, wadda 'yar kasuwa ce kamar mu, su suka ɗora shi a kan halin da ya riƙe har ya mutu, shi kuma ya ɗora 'ya'yansa a kai, har abin ya kai ga jikoki da tattaɓa-kunne. Shi ya sa na ga tarihin nan namu ne.

Asalinsa

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877. Gidansu gidan Agalawa ne. Agalawa fatake ne da asalinsu ya fito daga wajen ƙasar Abzin, suka zauna a ƙasashen Katsina da Kano har suka zama Hausawa, suka yi suna wajen fataucin goro zuwa Gwanja. Kakansa, wanda ake kira Baba Talatin, daga ƙasar Katsina ya taso ya zauna a Madobi. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, wato shi ke jagorantar ayari, kuma a Bebeji ya yi zamansa. Mahaifiyarsa Fatima, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma tana da jarinta na kanta, tana juya shi.

Gwanja tana arewacin ƙasar da ake kira Gana yau, babbar kasuwarta ita ce Salaga. A lokacin ba mota ba jirgi. Jakuna ne da 'yan ɗaukar kaya a ka. A ɗauki kanwa da rinannen yadi da jemammun fatu, a yi wata da watanni ana tafiya, a ƙetare Kwara, a biya kuɗin fito, a biya sarakunan da aka ratsa ta ƙasarsu, ga kuma tsoron 'yan fashi. In an isa a sayar, a sayo goro a ɗaure a huhu a juyo gida. Masu sayar da goro a cikinmu sun san ba ya son sakaci. Sai ana kwance shi ana dubawa, ana yayyafa masa ruwa, ana tsince wanda ya fara lalacewa, in ba haka ba guda ɗaya ya ɓata saura. A irin wannan gida yaron ya buɗe ido.

Wajen 1885 Allah Ya yi wa Madugu Abdullahi rasuwa, Alhassan yana da kamar shekara 8. Aka raba gado yadda shari'a ta ce, amma yaran ƙanana ne, ba mai iya riƙe ayari a cikinsu, kuma abin da ya zo hannun Alhassan bai kai shi ko'ina ba. Mahaifiyarsa ta tattara ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta ci gaba da kasuwancinta a can. Shi da 'yan uwansa ta bar su a Bebeji a hannun Tata, wata tsohuwar baiwa ta gidan, don a wancan zamanin akwai bauta. Daga nan mutane suka riƙa kiran yaron ɗan Tata, sunan ya bi shi.

Asusun da Tata ta saya

Alhassan ya shiga makarantar allo a Bebeji, ya yi rayuwa irin ta almajiri. Ranakun Alhamis da Juma'a da ba a karatu, sai ya nemi ɗan aikin ƙarfi ko ƙaramin saye da sayarwa ya sami abin kansa. Kuɗin zamanin wuri ne. A nan Tata ta yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Ta saya masa asusu na ƙasa, irin wanda magina ke yi, aka kafe shi a jikin bangon gida, ta riƙa sa shi yana jefa wani abu daga duk abin da ya samo. Masu ba da tarihin gidan sun ce asusun ya daɗe a wurin ana nuna wa mutane.

Ku dubi wannan da kyau. Tata ba ta da dukiyar da za ta ba shi. Da ta ga dama, sai ta riƙa karɓe 'yan wurin da ya samo ta sa a cefane, ba wanda zai ga laifinta, tunda ita ke ɗawainiya da shi. Sai ta bar masa abinsa, ta kuma saba masa da haƙurin barin sa. Yaro mai yunwa ya riƙe wuri a hannu, ga mai ƙosai na wucewa, ya danne zuciyarsa ya jefa a asusu, wannan ba ƙaramin horo ba ne. Kuma ba da wa'azin rana ɗaya ake samun sa ba, sai da maimaici, yau da gobe, har ya zama jiki.

A nan akwai abin da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kai. Akwai iyayen da in yaro ya samo barka da sallah, sai a ce ya kawo a ajiye masa, shi ke nan an yi bankwana da kuɗin. In ya tambaya a yi masa tsawa. To me aka koya masa? An koya masa cewa ajiya asara ce, gara ya cinye abinsa tun kafin a gani. Yaron da aka yi wa haka sau uku, wallahi in ya girma da wuya ya yarda da adashi ko banki, da wuya kuma ya riƙe amanar wani, tunda tasa ba a riƙe ba. In matsi ya sa uwa ta taɓa kuɗin ɗanta, ta gaya masa rance ne, ta kuma biya shi a gabansa. Wannan kaɗai darasi ne babba.

Tafiyarsa wurin mahaifiyarsa

Da ya kai kamar shekara 15, sai ya bi ayarin Gwanja don ya je ya ga mahaifiyarsa. Bai tafi hannu rabbana ba. Ya sayi 'yan kaya a Bebeji da abin da ya tara, ya sayar da wasu a hanya, ya ƙarasa da saura Ankara. Ya tarar Amarya tana cikin masu hali na zangon Hausawa. Kamar kowane yaro, ya ɗauka wahala ta ƙare, zai miƙe ƙafa ya ci arzikin uwa. Ashe ba haka ta shirya masa ba. Da ya ɗan huta gajiyar hanya, sai ta ɗauke shi ta kai shi wurin wani malami ta ce ya zauna can ya ci gaba da karatu. A can ya yi ta yi wa malam hidima, yana neman abincinsa da kansa, har aka ce wahalar da ya sha a Ankara ta fi ta Bebeji. Bayan wani lokaci ta sallame shi ya koma gida.

Duk uwar da ta karanta wannan sai ta ji wani abu a ranta. Ɗanki da kika rabu da shi yana ƙarami, ya ratso daji ya zo gare ki, ki kai shi gidan wani? Ni ban ce mu kwaikwayi komai yadda ta yi ba. Zamani ya canza, kuma ba mai hankalin da zai ce a tura yaro bara a titunan yau. Amma abin da ta hango gaskiya ne. Ta san dukiyar mijinta ta watse cikin ɗan lokaci bayan ya mutu, ta san tata ma za ta iya watsewa. In yaron ya saba da jingina da lalitarta, ranar da ba ta nan ya shiga uku. Sai ta zaɓi ya ji haushinta na ɗan lokaci a kan ya lalace a hannunta.

Mu 'yan kasuwa wannan jarrabawar ta fi samun mu. Kullum akwai ɗan canji a hannunmu, kuma saboda mun yini a waje, tausayi kan sa mu rufe bakin yaro da kuɗi. Yau kati, gobe sabuwar waya, jibi kuɗin mai na babur. Kowace a cikinmu ta san gidan da uwa ke fita tun asuba, ƙaton saurayi yana kwance har azahar yana jiran ta dawo. Ba ranar da ya girma abin ya faro ba, tun yana ƙarami ne aka ƙi ce masa a'a.

Basasa da farawa daga tushe

A 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur, sai Yusufawa suka ƙi yarda, yaƙin basasa ya tashi. Agalawa suna ɓangaren Tukur, kuma ɓangaren ne aka ci. Aka ƙwace dukiyar mutane da yawa, aka kama wasu. Alhassan da 'yan uwansa biyu, Bala da Sidi, suna cikin waɗanda aka kama, sai da aka fanshe su kafin su sami kansu. Ga maraici, ga almajiranci, ga kamu, duk kafin ya cika shekara 20.

Da ƙura ta lafa sai ya koma fatauci. A nan basirarsa ta fito. Ya lura tsohuwar hanyar ƙasa ta jakuna tana cin lokaci, goro na lalacewa a hanya. Sai ya riƙa bi ta Ibadan zuwa Legas, ya hau jirgin ruwa zuwa gaɓar Gana, ya sayi goro ya loda a jirgi ya dawo da shi Legas, daga nan a yo arewa da shi. Yana cikin Hausawan farko da suka yi haka da kaya mai yawa. Yana kuma haɗawa da duwatsun wuya da yadin Turawa. Sana'ar ubansa ce dai, amma bai tsaya a kan hanyar ubansa ba da ya ga wadda ta fi.

Turawa suka ci Kano a 1903, aka naɗa Sarki Abbas. A zamaninsa Alhassan ya gina gidansa a Sarari, kusa da Koki, cikin birni. Kafin nan in ya shigo Kano a gidan fatomansa yake sauka, bai yi gaggawar gina gida ba alhali jari na buƙatar kuɗin. An ce matarsa Umma Zariya ita ke kula da cinikinsa da matan kulle, wato kayan da maza ba su iya kai wa cikin gida ta hannunta suke shiga. Kun ga mace ta uku ke nan a cikin labarin.

Zamanin gyaɗa

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za a noma musu, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi musu, don ana ci, ana sayarwa, kuma ƙasar ta karɓe ta. Kamfanonin Turawa suna son gyaɗa amma ba su san ƙauyuka ba, ba su san manoma ba. Waɗanda suka sani su ne fataken goro, masu yara a kowace kasuwa. A 1918 kamfanin Neja ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa. Kafin 1922 an ce ya wuce manyan attajiran Kano na lokacin irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo. Da aka kafa kamfanin UAC a 1929, ya zama babban mai saya masa.

Yadda aikin yake tafiya shi ne, ya ba yaransa kuɗi tun kafin kaka, su bazu ƙauyuka su sayo, a auna, a zuba a buhu, a kawo Kano a jibge ana jiran jirgi. Jibgin nan ne ya zama dalar gyaɗa da muke gani a tsofaffin hotuna, wadda guda ɗaya kan ɗauki dubban buhuna. Duk wannan harka a kan amana take. Mutum ya karɓi kuɗi masu yawa ya shiga daji da su, ba abin da zai dawo da shi sai tsoron Allah da sanin cewa maigidansa ba ya cuta, ba ya kuma barin lissafi ya kwana. Akwai sanannen labarin da ake bayarwa cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. Duk lokacin da na ji wannan labari, asusun nan na jikin bango nake tunawa. Hali ɗaya ne, wurin ajiyar ne ya girma.

Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun haɗu a kan abu uku game da shi: yana da ƙwazon aiki, ba ya almubazzaranci, ba ya nuna isa a sutura ko abinci. Yana da mai kula masa da lissafin kuɗi, Alhaji Garba Maisikeli, wanda suka yi sama da shekara 30 tare. Mutum ya riƙe ma'aji ɗaya tsawon wannan lokaci, ai kun san akwai gaskiya a tsakani ta kowane ɓangare. Ya yi aikin hajji tun lokacin da zuwa Makka ke da wuya, ya kuma taimaka wa malamai da mabuƙata.

Yadda ya reni nasa 'ya'yan

Ga inda mutane da yawa ke faɗuwa. Wanda ya sha wahala yana yaro yakan ce nasa ba za su sha ba, sai ya sangarta su. Alhassan bai yi haka ba. 'Ya'yansa irin su Ahmadu da Sanusi da Mamuda da Aminu sun yi karatun addini, sun taɓa na boko, kuma tun suna samari ya sa su cikin aiki. Sanusi, wanda aka haifa a 1919, ya yi 'yan shekaru a makarantar elementare ta Dala, sannan ya shiga harkar gyaɗa da shanu da sufuri har ya tsaya da ƙafarsa. Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya fara ne a 1948 a matsayin mai sayen amfanin gona na kamfanin gidansu. Ɗan mai kamfani ne, amma daga bakin sikeli ya faro, inda ake ƙura da cacar baki da masu kaya. Daga baya aka tura shi ya riƙe harkar kamfanin a ƙasar Sakkwato. Da yayansa Ahmadu ya rasu a 1960, shi ya karɓi ragamar kamfanin, kuma ya karɓe ta ne yana sane da aikin tun daga ƙasa.

A 1955 ciwo ya kama Alhassan. Da ya ji jikin ba na tashi ba ne, sai ya tara 'ya'yansa tare da Garba Maisikeli ya yi musu wasiyya. Ya hore su su zauna tare kada su rarrabu. Ya roƙe su kada su bar kamfanin da ya kafa, Alhassan Dantata and Sons, ya rushe. Ya ce su guji rigima da sauran attajiran Kano. Ya ce su kula da dangi, musamman marasa hali. Ya kuma so su riƙa aure a cikin dangi gwargwadon iko. Bayan kwana uku, ranar Laraba 17 ga Agusta 1955, Allah Ya karɓi ransa, aka binne shi a gidansa na Sarari. A lokacin ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Ku lura da abin da ke cikin wasiyyar. Mutumin da ya ga dukiyar ubansa ta narke bayan rabon gado, abin da ya fi tsoro shi ne rarrabuwa. Wanda aka kama a basasa, ya san abin da rigimar manya ke jawowa. Wanda ya yi maraici a hannun tsohuwa, bai manta da matalautan dangi ba. Kowace magana daga abin da ya same shi ta fito, kuma yaran sun riga sun ga yana aikata ta shekara da shekaru. Shi ya sa ta zauna. Maganar auren zumunci kam, mu a yau sai mu haɗa da gwajin jini kafin a ɗaura, saboda mun ga wahalar da ciwon sikila ke ba yara da iyayensu. Nasihar magabata ana ɗaukar ta ne a duba ta da ilimin da Allah Ya ƙara wa mutane.

Jikoki da tattaɓa-kunne

Dukiyar attajirai da yawa ba ta wuce 'ya'yansu. Akwai gidajen da a da in an ambace su sai a jinjina, yau sai dai a nuna kango. Gidan Ɗantata ya kai hawa na huɗu ana jin sa. Alhaji Sanusi ya rasu a 1997. Alhaji Aminu ya yi tsawon rai, ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina, kuma cikin ayyukan alherinsa akwai sashen wankin ƙoda da ya gina a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da sunan mahaifinsa. 'Yar Sanusi, Hajiya Mariya, mutanen Kano sun san ta da ciyar da mabuƙata. Ita ce mahaifiyar Alhaji Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957.

Abin mamaki, shi ma Aliko mahaifinsa ya rasu yana da kamar shekara 8, ya tashi a hannun kakansa Sanusi. Shi da kansa yakan ba da labarin yadda yake sayen kwalin alawa yana sayarwa tun yana firamare. Da zai fara kasuwanci sosai wajen 1977, rance aka ba shi a gida, kuma ya biya. Gidan da za a iya ba yaro kyautar jari ba a ji ba, sai aka ba shi bashi don ya san nauyin kuɗin mutane. Kun ga hannun Amarya ke nan bayan kusan shekara 90. Kuma ku lura, ta wurin 'ya mace wannan reshen ya fito. Tarbiyyar da aka ba 'ya mace ba ta tsayawa a kanta, gidan wani take kai ta.

Mu kuma fa?

Ba cewa nake kowane yaro da aka saya wa asusu zai zama Ɗantata ba. Arziki na Allah ne, kuma shi ya dace da zamanin jirgi da gyaɗa. Yara nawa aka rena da irin wannan horo suka ƙare da ɗan tebur a bakin kasuwa? Amma sun ƙare da mutuncinsu, ba su ci amanar kowa ba, 'ya'yansu ba su yi bara ba. Wannan ma gado ne, kuma shi ne wanda kowace a cikinmu ke da ikon bari.

Abin da ke damuna shi ne abin da muke gani in wata 'yar kasuwa ta rasu. Kafin a yi sadakar arba'in jari ya watse. Yara ba su san wa take bi ba, ba su san wa ke bin ta ba, ba su san inda take saro kaya ba. Masu gaskiya su kawo abin da ke hannunsu, marasa tsoron Allah su yi shiru. Uwar adashi ta zo da maganar zubin da ya rage, a hau musu. Shekara 20 na wahalar mace ya tafi a wata biyu, wani lokaci har da zumuncin 'ya'yanta. Ba rashin ƙauna ya jawo ba, rashin shigo da yara cikin harkar ne tun da wuri.

Don haka ina roƙonmu da abu kaɗan. Kowace ta sami littafi ta riƙa rubuta bashi, wanda take bi da wanda ake bin ta. Mu da muke zuwa ajin yaƙi da jahilci da girmanmu mun san daɗin ranar da mutum ya fara rubuta lissafinsa da hannunsa. Wadda ba ta kai nan ba tukuna, ta sa ɗanta ko jikarta ya rubuta mata, ta haka shi ma yana koyo. Mu riƙa zama da yara muna lissafin uwar kuɗi da riba a gabansu, su san ba duk abin da ke cikin jaka ne na ci ba. Su ga mun cika mudu, su ga mun mayar da canjin da aka manta, su ga mun kai zubi ranar da aka yi alkawari ko da ciniki bai yi ba. Yaro ba ya jin abin da aka gaya masa kamar yadda yake ɗaukar abin da ya gani.

Koya wa yaro sana'a kuma ba shi ne a cire shi daga makaranta ba, ba shi ne kuma a ɗora wa yarinya tire ta yi ta yawo tasha har dare ba. Mun san abin da ke faruwa da 'ya'yan mutane a irin wannan talla. A koya mata a gida ko a rumfa, a gaban idon uwa, bayan an taso makaranta. Amarya da kanta, da ɗanta ya zo mata, wurin malami ta fara kai shi.

Ga iyayenmu masu jikoki a hannu, da waɗanda ke riƙon marayu ko 'ya'yan kishiya ko 'ya'yan dangi, ku tuna Tata ba ita ta haifi Alhassan ba. Riƙo aka ba ta, ta riƙe da gaskiya, ga shi yau fiye da shekara 130 ana kiran sunanta a ƙasashen da ba ta taɓa zuwa ba. Sannan kada mu jira sai ciwon ajali kafin mu tara yara mu gaya musu abin da muke so su riƙe. Shi Allah Ya ba shi kwana uku bayan wasiyya, ba kowa ke samun wannan ba.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata da mahaifiyarsa Amarya da Tata da ta rene shi. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa su fi mu, Ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke juyawa. Allah Ya ƙara wa shugabanninmu haƙuri da riƙon amana, Ya maimaita mana wannan rana cikin lafiya da zaman lafiya. Amin summa amin.